Wankin da Na Kai Matsirga

Jidda ta sayar mini da ruwa shekara shida, kuma har gobe ban yafe mata ba. Alherin da garin nan ya yi mini na san shi, ba na musu. Amma ni 'yar garin Jama'a ce. A garinmu rafi a bayan gida yake, ka ɗiba ka zubar, ba mai kallonka. Ban taɓa jin an ce ruwa yana da mai shi ba sai da na haye teku.

Hayewar ma ba ta daɗi ba ce. Ni da maigidana Malam Sule shekara biyu muka yi a hanya. Mun tsinci auduga a Jazira ta Sudan har yatsuna suka tsattsage, sannan muka gangara Sawakin. A can wani dillali mai yawan salati ya karɓi takardunmu, wai zai buga mana hatimi, ya sa mu a jirgin katako mai tafiya da iska. Takardun nan ba mu sake ganinsu ba. Masu jirgi suka sauke mu a wata gaɓa, babu gida babu bishiya, suka nuna mana wani tudu suka ce Jidda tana bayansa. Bayan tudun wani tudun ne. Kwana biyar muna bin bakin teku da ƙafa, ga ruwa iya ganinka a hannun hagu, ba ka da ikon kurɓa ɗaya. Malam ya isa, ya yi hajjinsa, amma jikinsa bai sake komawa daidai ba. Kafin wata hajjin ta zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Goggo Hansai ce ta tsince ni a Nuzla, unguwar baƙi a Jidda, ina zaune a gindin katangar mutane da ƙunshina. Tsohuwa ce mai sayar da gyaɗa, ta zo ƙasar tun tana goyo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, kuka kike ko hutawa?" Na ce hutawa. Ta ce, "To zo ki huta a inuwa." Inuwar ɗaki ɗaya ce na langa-langa da katakon akwati. A cikinsa na yi shekarun nan duka.

Wankau na kama. Ruwa kuwa a Nuzla hanya biyu gare shi. Ko ka saya wurin 'yan ga-ruwa, ko ka tafi bazan, wato famfon unguwa, ka jera garwarka tun asuba ka yi ta dambe har rana ta take. Na fi zuwa bazan, don dambe bai taɓa yi mini wuya ba. Garwa ɗaya aiki huɗu take yi mini: fararen kaya, sannan masu launi, sannan tsummoki, abin da ya rage a yayyafa tsakar gida. Ɗauraya sau ɗaya ce, ita ma ina yi ina jin zafinta. Sauran aikin shuɗi da sitaci da dutsen guga na gawayi su ke rufa mini asiri.

Babban gidan da nake yi wa wanki na Ammi Salim ne, mutumin Hadramaut da ya zama ɗan ƙasa, mai kantin shinkafa da sukari a cikin gari. Mutum ne mai tsumulmula a komai ban da riga. Fararen riguna bakwai gare shi na yadi mai kyau, irin dogayen nan nasu, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa su sai ni. In karɓa ranar Litinin, in mayar ranar Alhamis, ya zaɓi ta Juma'a.

Ba ni da iƙama a lokacin, wato takardar izinin zama. In motar 'yan sanda ta shigo unguwa, ƙarƙashin gadon Goggo nake shigewa, ni da girmana. Wanda aka kama jirgi za a sa shi a mayar. Ni kuwa a gida ba wanda ya rage mini, ga idon Goggo ya fara hazo, har ta soma ba yara canji fiye da kima. In an kwashe ni, wa zai ɗebo mata ruwa? Na samu sabon fasfo a ofishin jakadanmu bayan zirga-zirgar da ta cinye mini takalmi. Abin da ya rage kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya mini. Shekara uku matar Ammi Salim tana yi mini kamun ƙafa wurinsa, yana cewa a bari tukuna. Sai a makon da abin ya faru, ranar Litinin da na je karɓar wanki, ta kama hannuna a bakin ƙofar baya ta ce, "Halas, an gama, ya yarda. Ranar Asabar za ku je ofis."

Ranar Talata da yamma sai ga maƙwabcinmu Usta Usman. Bahaushen Sudan ne, direban wata tsohuwar motar roka da ke kai kaya ƙauyukan kudu. Ya shigo yana haki kamar wanda ya ga watan salla.

"Goggo, an yi ruwa a duwatsu! Wallahi shallal ya ɓalle a bakin hanya, da idona na gani. Daga kan dutse yake zubowa, fari tas."

Goggo ta ce, "Mene ne kuma shallal?"

Na ce, "Matsirga yake nufi, Goggo. Ƙarya yake. Ina ƙasar nan ta ga matsirga?"

Ya ce, "Hajja Asabe, ke komai ƙarya ne a wurinki sai sabulu. Gobe zan kai buhunan gari can gaba da wurin. Ku shirya, ku da Zainaba. Kwana biyu uku ne ya ƙafe."

Zainaba matarsa ce, haihuwar Jidda, kakanninta ne suka zo daga Katsina. Hausarta rabi Larabci ce, kuma ita kaɗai ce a unguwar ba ta tsoron bakina. Ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Yaya Asabe, yalla, ki huta yini ɗaya. Wankin ba zai mutu ba."

Na ce ba ni zuwa. Sai Goggo ta ce a hankali, kamar mai magana da kwanon gyaɗarta, "Rabona da ganin ruwa yana gudu da ƙafarsa tun ina da haƙora duka. Ko ƙararsa na ji ai na more." Shi ke nan ta gama da ni.

Amma ga rigunan Ammi Salim a jiƙe ban wanke ba, ga Alhamis jibi. Ina kallon garwata ta ƙarshe sai dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin na ɗauka ban taɓa yin dabara mai kyau irinta ba. Ruwa kyauta, mai gudu, ba layi ba dambe. Mutumin da zai tsaya mini ranar Asabar, me ya fi in kai masa rigunansa da farin da bai taɓa gani ba? Na matse su, na naɗe cikin zane, na tusa sabulu sanda biyu a tsakiya, na ɗaure kamar ƙunshin shimfiɗa.

Muka tashi bayan sallar asuba. Goggo a gaba kusa da Usman, ni da Zainaba a baya kan buhuna. Muka wuce Khumra, wadda a lokacin ba komai ba ce sai 'yan bukkoki da raƙuma da fili mai farin gishiri. Daga nan kwalta ta ƙare. Motar ta kama sawun waɗanda suka riga ta, tana jijjiga mu kamar ana tankaɗe. Can sai teku ta bayyana a hannun dama, shuɗiya, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye a gefenta kamar masu jiran liman.

Zainaba tana ta ihu, "Shufi, shufi, Yaya, dubi kyau!" Ni kuwa ba kyau nake gani ba. Na san gaɓar nan da tafin ƙafata. Abin da muka yi kwanaki muna ja, mota tana lashe shi kafin hantsi. Na ga wani tudu mai kama da wanda Malam ya zauna a gindinsa ya ce in tafi in bar shi, na zage shi tas har ya miƙe don haushi. Ban gaya wa Zainaba ba. Na dai gyara lulluɓina na ce iska ce ke sa mini hawaye.

Muka tsaya a wata rumfar shayi ta masunta don injin ya huce. Mai rumfar ya kawo mana soyayyen kifi, ya ƙi karɓar komai a kan na Goggo, wai ta yi kama da uwarsa. Goggo ta ce, "Gaya masa uwarsa ta yi sa'a." A nan Zainaba ta jawo ƙunshina za ta shimfiɗa wa Goggo, sabulu ya faɗo a ƙasa. Ta ɗaga shi sama kamar ta kama ɓarawo.

"Ya Usman! Ta'al, zo ka gani! Mutane za su kallo, ita za ta wanki!"

Usman ya riƙe ciki. "Hajja, da kin faɗa ai da na ɗauko miki dutsen guga da gawayi."

Na ce, "Ku yi dariyarku. Ku kallo ya dame ku. Ni in na ga ruwa na san abin da aka yi shi dominsa."

Goggo ta shafa ƙunshin ta ji ɗanyen yadi. Ta ce, "Na wane ne?" Na gaya mata. Ta ce, "Asabe, kayan mutum ba ya zuwa yawon da mai shi bai sani ba." Na ce kafin magariba suna gida.

Bayan rumfar hanya ta rabu da teku kaɗan, ta raɓi wasu baƙaƙen duwatsu. Kunnena ne ya riga idona. Wata ƙara ce ƙasa-ƙasa wadda ba ta yankewa, na san ta tun ina goye. Usman ya kashe mota, ƙarar ta cika wurin.

Ga shi nan kuwa, taku kaɗan daga inda tayar mota ta tsaya. Dutse ne baƙi, tsayinsa ya kai bishiyar giginya, ya tsage a sama, ruwa yana fitowa ta tsagar fari fat kamar an warware bandir ɗin alawayyo. Yana dukan wani faffaɗan dutse a tsakiya ya rabu biyu, ya taru a ƙasa cikin wani kwarmi da kana ganin tsakuwar gindinsa. Daga nan ya bi wani ɗan kwari ya sulale ya nufi teku. 'Yan ciyayi har sun fara tsirowa a gefe. Iskar wurin sanyi gare ta, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In a garinmu ne, wannan ba za a ko ba shi suna ba. Amma na tsaya baki buɗe kamar baƙauya.

Muka riƙo Goggo har bakin ruwa. Ta zauna a kan dutse, ta tura ƙafafunta ciki, ta ɗaga fuska feshin yana sauka mata. Can ta ce, "Ashe yana nan yadda na bar shi." Sannan ta ce Zainaba ta miƙo mata goronta.

Usman ya ce zai kai buhunan ƙauyen da ke gaba ya dawo, mu mata mu sake. Yana tafiya na kwance ƙunshina.

Duk wadda ta taɓa wanki da ruwan awo za ta gane abin da zan faɗa. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar nan ba. Na saɓa, na buga a kan dutse, na ɗauraye. Na sake ɗaurayewa. Na kuma ɗaurayewa, ba don wani datti ba, don kawai ba mai hana ni. Kumfa tana tafiya abinta ba na bin ta da ido. Rigunan suka fito har suna ɗaukar ido, ko shuɗi ban sa ba. Zainaba ma da take tsokanata sai da ta ce, "Mashallah, Ammi Salim zai zaci sababbi ne."

Ina cikin haka wata tsohuwar Balarabiyar daji ta zo da awakinta shan ruwa. Baƙar riga, fuska a rufe, ƙafa kamar ƙirgi. Ta tatsi nono a ƙwarya ta miƙa wa Goggo, ba wanda ya roƙe ta. Sannan ta dafa kafaɗata, ta nuna can nesa inda manyan duwatsu suke, inda wani baƙin gajimare ya zauna a kansu. Ta yi magana da irin Larabcinsu na daji, kalma ɗaya na kama, "sel." Na san sel, ambaliya ce. Na ɗaga kai na dubi samanmu, tas take, rana tana ƙwallewa. A garinmu hadari a kanka yake haɗuwa, ya yi iska, ya yi gargaɗi, kaji su shige akurki, sannan rafi ya cika. Wa ya taɓa jin ambaliya da rana tsaka? Na ce mata to, na gode. Ta kaɗa awakinta ta hau tudu. Zainaba tana can tana tsinko ciyayi, ban ko gaya mata ba.

Da na tsaya a nan na shanya, da labarin ya ƙare lafiya. Amma haɗama ta ce mini, bar su su ƙara shan ruwa. Na shimfiɗa su bakwai ɗin nan a cikin kwarmin, na danne kowace da dutse, ruwa yana bi ta kansu.

Sai Zainaba ta zo ta bayana ta kama ni. "Halas, an gama aiki. Yau sai kin yi wasa ko ki mutu." Ta ja ni da zanena har ƙarƙashin matsirgar. Ruwan ya sauka a kaina kamar ana kirɓa ni a turmi. Na yi ƙara, na zage ta, na zagi kakanninta na Katsina. Sannan na ji wani abu yana fita daga bakina, ashe dariya ce. Na watsa mata ruwa, ta watsa mini. Goggo tana daga bakin dutse tana tafi tana cewa, "Nutsa ta, Zainaba! Nutsa mini ita, ta cika baki!" Tun rasuwar Malam ban yi irin wannan ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba.

Tsakuwa ce ta dawo da ni. Ta same ni a kafaɗa. Na waiga, sai ga tsohuwar nan a kan tudu tana jifanmu da hannu bibbiyu tana kururuwa. Na ce, "Yau ga ikon Allah, me muka yi wa wannan?" Har na sunkuya zan rama. Zainaba ta saurara, fuskarta ta sauya. "Yaya, fita! Sel! Ɗauki Goggo!"

Sai a lokacin na lura ƙarar ta canza, ta koma kamar ana mirgino duwatsu a cikin ganga. Ruwan da ke zuba a kanmu ya yi ɗumi. Na dubi hannuna na ga jar laka. Muka fita da gudu, muka ɗaga Goggo cak kamar jaririya muka haye da ita tudun da tsohuwar take. Muna ajiye ta na juya.

Goggo ta ce, "Asabe!" Ban tsaya ba. Ba riguna nake gani a cikin ruwan nan ba, Asabar nake gani. Kwarmin ya zama kamar kunun kanwa, ya kawo mini cinya, itace da ƙaya suna dukana. Ina lalube da ƙafa, in na taka yadi in fizgo in saɓa a wuya. Na sami shida. Ta bakwai na gan ta ta taso, ta buɗe hannuwa kamar mai ita yana ciki, ta bi kwari. Na yunƙura zan bi ta, aka shaƙe ni ta baya. Usman ne, Allah ya dawo da shi a daidai. Ya ja ni a ƙasa kamar buhu har kan tudu, yana zagina da Larabcin Sudan. Muna kallo wurin da nake tsaye ya shafe. Dutsen da Goggo ta zauna a kai ma ba a ganinsa.

Goggo ta lalubo fuskata da hannu. Na zaci lallashi za ta yi. Ta ɗauke ni da mari, irin wanda rabona da shi tun ina gidanmu.

"Don riga? Don rigar wani ƙato za ki bar ni da wa?"

Sannan ta rungume kaina. Tsohuwar daji tana gefe tana gyaɗa kai, da alama marin ya yi mata daidai. Goggo ta kwance goron da ya rage mata duka ta ba ta.

Sai da ruwan ya janye daga hanya bayan la'asar muka kamo gida. Teku ta koma hannun hagu, rana tana faɗawa cikinta, Zainaba ta buɗe baki za ta ce in duba, ta fasa. Ni ina rungume da riguna shida masu launin tukunyar ƙasa.

Muna isa matan layinmu suka taru, don labari ya riga mu sauka daga mota. Wata ta kawo lemon tsami, wata kanwa, wata toka. Abin da ban manta ba, kowace ta zo da ruwanta, wadda ke da rabin garwa ta kawo rabin. Matan da nake dambe da su a bazan ke nan. Muka dafa, muka cuɗa, muka buga. Jan ya sauka ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya tsaya a nan. Jar ƙasar duwatsun nan in ta kama farin yadi ta aure shi.

Zainaba ta share gumi ta ce, "Isma'i, Yaya, saurara. Ki ce harami ne. Kin shanya, ɓarawo ya kwashe. Kullum ana yi. Zai yi faɗa ya gaji, Asabar kuma tana nan."

Usman ya ce, "Ni zan yi shaida. In ce na ga wani ya haura shinge."

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta zauna mini. Har na fara shirya yadda zan yi kuka. Goggo tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗar gobe, ta ce, "To. Shi Ammi Salim, mutumin da ke auna sukari yana karkaɗe cokali, riguna bakwai za su ɓace ya yi shiru? Wurin 'yan sanda zai je. Su kuma in sun zo neman ɓarawo a layin nan, ƙofa nawa za su buga? A cikin waɗanda suka kawo miki ruwa yanzu, nawa ne ke da takarda?"

Na dubi matan. Wasu suka sunkuyar da kai. Na san su ɗaya bayan ɗaya, na san wadda ke ɓuya a bayan tulin gawayi, na san wadda ke da 'ya'ya huɗu. Maganar ɓarawo ta mutu a nan.

Zainaba ta ce, "To ki kai wa matarsa ta ƙofar baya, ita ta san yadda za ta bi da shi." Na ce baiwar Allahn nan shekara uku tana roƙo a kaina, ba zan sa ta ɗauki wannan ma ba.

Da safe na hura gawayi. Na sa musu sitaci, na goge su shida ɗin nan kamar yadda na saba, kowane ninki a wurinsa. In zan kai ɓarna, ba zan kai ta a yamutse ba. Na jera su a kwano, na rufe da farin zane, na ɗora a ka. Goggo ta ce, "Ki rage baki." Na ce to.

Kantinsa na nufa, ba gida ba. Yana zaune a bayan ma'auni da kofin shayi, 'yan dako suna shigar da buhuna. Na sauke kwanon a kan teburinsa na yaye zanen.

"Ammi Salim, rigunanka. Shida ne, ɗaya ta tafi teku. Ni na yi, ba wanda ya sa ni."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu. Sannan ya fara. Na sha zagi a Jidda, amma na ranar nan daban ne. Ya kira ni majnuna, wato mahaukaciya, ya kira rigunan da sunan inda aka saƙa kowace, ya kira 'yan dako su zo su ga abin da aka yi masa. Shayinsa ya huce yana yi. Na tuna da Goggo na haɗiye duk abin da ya taso mini. Da ya tsaya shan iska ya ce, "A wace rijiyar shaiɗan kika wanke su?"

Na gaya masa. Matsirgar, da ɗauraya uku, da tsohuwa mai jifa. Ban rage komai ba, har wasan da na tsaya yi.

Ya kai rigar hancinsa ya shinshina, ya daɗe. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Sel ne. A garinmu haka yake zuwa, rana tana sama. Ko akuya ta san ta gudu." Ya ajiye rigar. "Kika shiga cikinsa? Don waɗannan?"

"Na shiga."

"Majnuna," ya sake cewa, amma ba irin na farko ba. Ya kaɗa mini hannu in tafi.

Na ɗauki zanena na kai bakin ƙofa. Ƙafata ta ƙi fita. Goggo ta ce in rage baki, ba ta ce in bar shi a gida ba. Na juyo.

"Ammi, batun Asabar fa?"

Wani ɗan dako ya saki buhu. Ammi Salim ya zare ido. "Kin kashe mini riguna bakwai, kuma a kansu kike tambayata takarda?"

Na ce, "In aka sa ni a jirgi, wa za ka riƙa yi wa faɗansu? Ka bar ni kusa, ka yi ta yi har ka huce."

Gemunsa ya motsa. Ya juya mini baya, ya kama gyaran buhun da ba abin da ya same shi. Daga can ya ce, "Hoto biyu suke so a ofis. Ki wanke fuskarki kafin a ɗauka. Da ruwan bazan."

Daga kantin ban koma gida ba. Na tambayi ɗan dakon nan inda mai hoto yake, ya nuna mini da haɓa, na bi layin da kwano a hammata, jar ƙasa tana nan a ƙarƙashin faratana.